Tsohon gini ba a kulle shi, shiga ake yi

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke kallon tsofaffin gine-gine a birane, yau dai bari in amayar da shi.

Ku lura da yadda mutum yake yi wa baƙo kwatance. Da wuya ya ce titi kaza lamba kaza, cewa yake in ka wuce tsohuwar tasha za ka hangi dogon ginin nan mai agogo, to ka sha kwana daidai bangon da aka yi wa zane. Waɗannan abubuwan su ne suke riƙe wa mutane garin a ka. Ran da katafila ta bi ta kansu sunan ba ya tafiya nan take, sai ka ji kwandasta yana ta kiran sunan wurin da babu shi, yaro ya taso da sunan a bakinsa bai taɓa ganin abin ba. Wallahi wannan yana taɓa min zuciya.

Kuma kar wani ya ce ai matsalar ƙasashe matalauta ce. A New York ta Amurka akwai tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania da aka buɗe a 1910, gini na gani na faɗa, a 1963 aka fara rushe ta saboda filin ya fi ginin kawo kuɗi, aka ɗora zauren wasanni na Madison Square Garden a wurin, tashar ta koma ƙarƙashin ƙasa. Sai da aka yi ɓarnar sannan hankalin mutane ya tashi, a 1965 birnin ya yi dokar kare gine-ginen tarihi, dokar da daga baya ta ceci tashar Grand Central har gaban kotun ƙoli a 1978.

To amma ni inda na bambanta da wasu masu kishin tarihi shi ne, doka kaɗai ba ta raya gini. Da an ce a kare wuri sai a zagaye shi da waya, a kafa allo, a sa kwado, a ajiye maigadi, shikenan wai an adana. Alhali ginin da ba a shiga mutuwa yake yi a tsaye, rufi ya fara yoyo babu mai gani, gara ta ci azara, jemagu su tare, bayan damina biyar a zo a ce ai ya zama haɗari ga jama'a dole a sauke shi. Wanda yake son filin tun farko ma bai sha wahala ba, jira kawai ya yi.

Ku dubi masallacin Djenne a Mali, ginin ƙasa mafi girma a duniya, wanda yake tsaye yanzu tun 1907 aka gina shi. Me ya riƙe shi? Duk shekara mutanen garin ne suke fitowa kwansu da kwarkwata su yi masa yaɓe, wasu na kwaɓa ƙasa, mata na kawo ruwa, samari na hawa, kuma itatuwan nan da kuke gani sun fito daga jikin bangon ba ado ne kawai ba, matakala ce da magina suka bari tun farko don sun san za a dawo a hau. Wato an gina shi ne da niyyar za a riƙa taɓa shi. UNESCO ta sa garin cikin jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1988, amma ba takardar ce take hawa bango ba. Kuma dan Allah masu cewa a shafe irin wannan gini da siminti a huta, ku sani siminti yana kulle danshi a ciki, bangon ya ruɓe ta ciki waje yana sheƙi, rana ɗaya ya zube.

A Timbuktu ma da aka farfasa hubbaren waliyyai a 2012, har kotun duniya ta ɗaure wanda ya jagoranci aikin shekara 9 a 2016, maginan garin ne suka sake tayar da su da irin hannun da suka gada. Da babu su fa?

Haka zancen zane da sassaƙa a bainar jama'a. Ni ban ga amfanin ƙaton abu a tsakiyar shataletale ba, inda ba mai iya tsallaka titi ya je kusa, an ba da kwangila an yanke kyalle an watse, bayan shekara biyu fenti ya ɓare fosta ta rufe shi. Ku kwatanta da guntun katangar da ta raba birnin Berlin na Jamus biyu, wanda aka bari bayan faɗuwarta a 1989, a 1990 masu zane 118 daga ƙasashe 21 suka zana tsawon kilomita 1.3, yau mutum da ƙafarsa yake bin gefenta, ya tsaya, ya nuna wa ɗansa. Kuma zane ba wasa ba ne, da aka ragargaza tsohon birnin Warsaw na Poland a yaƙin duniya na biyu a 1944, zane-zanen birnin da mai zane Bernardo Bellotto ya yi tun ƙarni na 18 suna cikin abin da aka duba aka mayar da tituna yadda suke.

Abin da nake so in gani ba mai tsada ba ne. A buɗe ƙofar tsohon ginin a mayar da shi laburare ko ajin koyon sana'a ko ofishin da mutane suke zuwa kullum, a sa benci da inuwa kusa da zanen bango, a bar yaran unguwar su yi zanen da hannunsu. Sannan a nemo dattijon maginin nan da ya san yadda ake kwaɓin da ɗaurin rufin, a biya shi albashi a haɗa shi da samari uku ko huɗu su koya, tun yana iya hawa tsani.