Maɓallin da ba shi da huda

Waɗanda suka zo bikin ƙanwar maiɗakina sun san ba a raba mariƙin makullin da na yi alkawari ba. To ga abin da ya faru, don na gaji da amsa tambaya ɗaya a ƙofar masallaci.

Kun dai san injin lezan nan nawa mai yanka katako da zane a kansa da haske, K40, ɗan Caina, wanda na girke a shagon ƙofar gida. An rubuta wat 40 a jikinsa, amma duk mai irinsa ya san in ya ba ka 30 sai ka yi hamdala. Duk da haka katakon filawud mai kaurin milimita 3 yana ratsa shi a zagaye ɗaya ko biyu. Da wannan na bugi ƙirji a gaban Hajiya na ce guda 200, da sunan amarya da ango, kyauta. Ba fa wanda ya roƙe ni. Ni na kai kaina.

Saura sati uku biki inji ya fara sanyin jiki, sai ya yi zagaye huɗu sannan in sa yatsa in ɓalle. Wannan kam na san dalilinsa. Injin ba ya zuwa da abin hura iska a baki, don haka hayaƙin katako da gam yana tashi ya manne a ƙwayar idonsa, wato 'yar gilashin nan ruwan ɗorawa da ke tattara haske ya koma tsinin allura. Na kwance kan injin, na ciro ta, na goge da sifirit da auduga. Ana haka aka kira magariba. Na dawo na tarar da kan a ɗaure, ƙanina ya share tebur har ya jera min sukuddireba. Na ce madalla da yaro.

Washegari na kunna. Maimakon siririn layi, sai wani baƙin zane mai faɗi kamar an ja gawayi a bango, ko rabin katakon bai ci ba. Na ce to ba ido ba ne, tunda jiya na wanke shi da hannuna.

Na fara da zargin wuta, na sayo sitabilaiza. Babu canji. Na koma kan ruwa, don bututun gilashin da ke haifar da hasken ba ya son ruwan da ke zaga shi ya wuce digiri 25, mu kuwa a Kano cikin Afrilu bokitin da kansa ya isa a dama koko. Kullum ina wajen mai ƙanƙara, har ya tambaye ni ko uwargida ta fara sayar da zoɓo. In ɗaure ƙanƙarar a leda biyu kada ta gauraya da ruwan batir ɗin da ke ciki, in jefa. Ranar da na zarce, bututun ya fara gumi, na kashe da sauri. Layi yana nan baƙi ƙirin.

Sai madubai, masu kai haske daga bututu zuwa kan injin. Uku ne, kowane da kusoshi a bayansa, ka taɓa ɗaya sauran su yi fushi. Dare biyu na yi ina manna salatif na takarda ina harbawa, kusurwa huɗu, har huda ta riƙa faɗawa tsakiya daidai a ƙofar kan. Salatif yana hujewa nan take, sau ɗaya ma har ya kama da wuta. Allurar mitar da ke nuna wutar bututu tana hawa 15 lafiya lau. Bututu yana haske shunayya kamar ranar da na saye shi. Wato komai yana gaya min ƙarfi yana isowa har bakin ƙofa, a ciki ne yake ɓata. Amma ai na wanke ido.

A nan Injiniya ya shigo labarin. Kun san shi, mai gyaran talabijin na kwanar layinmu, wanda ba wanda ya san wa ya ba shi sunan. Ya zo ya harɗe hannu a baya, ya leƙa, ya sunsuna, ya ce, "Gas ya ƙare." Ya ce in ɗauki bututun in kai wa masu walda su ɗura min. Na ce a toshe yake tun daga kamfani, ba shi da baki. Ya ce to ai iskar da ke cikin lemon kwalba ce, da za a samu dabara. Wannan mutumin, jama'a, mitar gwada wuta ta tana hannunsa tun sunan 'yata ta biyu, yarinyar yanzu tana aji biyu a firamare. Duk lokacin da na tambaya sai ya ce, "Tana nan lafiya," kamar gyatumarsa na ce ya gaida min. Sau biyu na gan ta a kan bencinsa, ya naɗe mata waya da baƙin salatif, ya rubuta harafin sunansa a baya da jan fenti. Kuma duk ranar da ya shigo shagona sai ya ce a aika yaro wajen mai shayi, da madara, kauri. Shi ne dai ya zauna a kan kujerata yana kurɓa, ya yanke hukunci cewa bututu ya mutu. Ni kuma, da yake an ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, na yarda.

Na yi odar sabo daga Legas da kuɗin da ba zan rubuta ba, saboda akwai mai karanta abin da nake rubutawa. Ya iso a mota cikin soso, na rungumo shi daga tasha kamar jariri. Na ɗaura shi hannuna yana rawa, don wayar jikinsa wutar da take ɗauka ta haura bolt dubu goma. Na sake wani daren a kan madubai.

Saura kwana huɗu biki. Da la'asar amarya ta zo da ƙawayenta biyar su ga samfuri. Injiniya ya zo ba a gayyace shi ba. Ƙanina yana bakin ƙofa, yaran layi sun cika taga. Ni kuwa sai na ji malanta ta motsa. Na yi musu bayanin iskar kabon da naitirojin da hiliyam da ke cikin bututu, na ce hasken ba a ganinsa da ido, sai dai aikinsa. Na ce kowa ya ja baya. Na rufe murfi, na yi bisimilla da ƙarfi, na danna.

Kan ya tafi, ya dawo, hayaƙi ya tashi. Na buɗe. Sunan amarya ya fito kamar an ɗora masa dutsen guga an manta. Harafin farko da na biyu sun haɗe sun zama tabo ɗaya. Shago ya yi tsit, sai ƙarar famfon ruwa a bokiti. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce a hankali, "Ko a haka ake yayi yanzu?" Amarya ta ce, "Ba komai Yaya," da muryar da ke nufin akwai komai. Injiniya ya girgiza kai ya ce an sayar min da na jabu, shi tun da ya ga kwalin ya sani.

Daidai nan maiɗakina ta leƙo, da gwangwanin biskit ɗinta na allura da zare a hannu, tana gyaran ɗinkin anko. Ta ce, "Malam, kafin in manta, wannan maɓallin na wace riga ne? Na duba duk kayanka ban ga irinsa ba. Kuma ba shi da huda."

Ta miƙo tafin hannu. Ruwan ɗorawa, faɗin milimita 12, yana sheƙi.

Ban karɓa ba tukuna. Na tsaya ina kallonsa, sai ga magaribar nan ta dawo min tiryan-tiryan: ladan ya ce Allahu akbar, na naɗe ta a takarda, na zura a aljihun farar jallabiya, na ce in na dawo na mayar. Ta ce a aljihu ta tsince shi ranar wanki, bayan ya sha sabulu da cuɗa, yau kwana goma sha shida yana kwance da maɓallai. Sati biyu ina harba haske ta cikin rami. Na juya wajen ƙanina. Ya ce, "Yaya, ni na ga kan a kwance ne na ɗaure, ka ce ba ka son a bar kaya a warwatse." Gaskiyarsa, na faɗa.

Da a ce mu biyu ne da ita, da na ce na sabuwar kaftani ne, in karɓa in yi shiru har kabari. Amma sai da ƙaramar cikin ƙawayen ta ce, "Yaya, menene shi?" Na ce, "Idon injin ne." Ta ce, "Au, dama makaho ne?" Dariyar da aka yi har mai shayi ya tsallako titi ya ji ba'asi, aka maimaita masa daga farko, da kwaikwayon bisimillata. Injiniya kuwa ko gezau, ya ce shi dama zuciyarsa ta ba shi wani abu ya ɓata daga ciki, bai dai so ya kunyata ni ba ne.

Na mayar da ƙwayar idon, tudunta yana kallon sama. Ta yanka, amma wanki ya ƙarce mata fuska, sai an yi zagaye uku. Guda 37 na iya fitarwa kafin ranar, Hajiya ta ce a bar su kada a yi rigima wajen rabo, aka sayo robobi. Suna nan a leda in akwai mai so, sai dai da sunan mutane a jiki. Tsohon bututun, wanda lafiyarsa ƙalau, yana ƙarƙashin gado. Jiya Injiniya ya aiko yaro wai in ara masa shi zai gwada wani abu.