Me ya hana hoto ya zo mana a waya yadda rediyo ke zuwa?

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana cina a rai. Ranar ƙarshe ta kokowar takobi muna fada nan unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maradi, ba kuran, tele a kashe, mu wajen goma kowa ya duƙa kan wayarshi, kowa ya sa forfe nashi, alhali hoto guda muke kallo. Daidai an kama ƙafa sai abin ya tsaya yana ta juyi yana ta juyi, ihun maƙwabta masu panno ne ya gaya mana an yi kaye. Wallahi raina ya ɓaci, don kuɗin shayi yaran suka zuba ciki.

Rezo na waya in mutum dubu ke kallo sau dubu ake aiko hoton, kan antene guda, dole ta shaƙe. Tashar tele kuwa sau ɗaya take watsawa, mutum goma ko miliyan duk ɗaya ne gare ta. Ku tuna FM na ƙananan wayoyin nan, ka soka ekuter ka kama Muryar Sahel ko dala ba ka biya ba. To haka ake iya yi da bidiyo.

Kuma an yi. Koriya ta Kudu tun 2005 suka fara kallon tele a waya ta wannan hanya, Japan 2006. Indiya na gwajin D2M, wato watso hoto kai tsaye zuwa waya, wanda ko SIM ba ya buƙata, Turai kuma na gwajin irinsa mai suna 5G Broadcast kan layin UHF ɗin da tele ke bi.

Na sani hanya ce mai zuwa kawai ba komawa, saƙon WhatsApp sai da rezo. Amma darasin yaran da za su yi BEPC fa, da labarin damina da farashin gero da wake, a watso da dare waya ta ajiye, manomi a Dakoro ko Mayahi ya buɗe da safe ba mega ko ɗaya. Turakun TNT, wato na watsa tele ta dijital, ga su nan tsaye an riga an kashe musu kuɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wayar kanta, sai da ɗan guntun na'urar kamawa a ciki. Ƙarancin irin wayoyin na cikin abin da ya kashe DVB-H, tsarin tele a waya da aka taɓa gwadawa a Turai, duk da Nokia ta sa hannu. Don haka ni roƙona ga ARCEP, hukumar da ke kula da harkar sadarwa, in za a fara maganar nan a zauna da 'yan kasuwar da ke shigo mana da wayoyi tun farko, su suka san wadda talaka ke iya saye.