In kana kaunar abokinka ka daina raga masa

Yan uwana samari, musamman ku masu kwana kan katun din Japan, akwai wani da nake so ku nema ku kalla da idon basira, sunansa Ping Pong the Animation. A 2014 ya fito, kashi 11 ne kacal, Masaaki Yuasa ne daraktan, an dauko shi daga littafin zane na Taiyo Matsumoto. Zanen nasa sai a hankali gaskiya, fuskoki duk a karkace, amma ku daure ku wuce kashi na biyu.

Labarin Peco ne da Smile, abokai tun suna yara, yan kwallon tebur a sakandaren Katase. Peco Allah ya ba shi baiwa, ga cika baki ga cin alawa, tirenin kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Smile shiru-shiru ne kuma tuni ya fi Peco iyawa, amma duk sanda suka buga sai ya sassauta hannu ya bar shi ya ci, wai kar ran abokinsa ya baci. Wani dan China mai suna Kong Wenge ko ganin wasan nasu bai yi ba, daga karar kwallon kawai ya gane dayan da gangan yake bari a ci shi. Da ya hadu da Peco kuwa 11 da 0 ya lallasa shi, ko daya bai bar masa ba.

To wa ya jawo wa Peco wannan? Lalacinsa na ciki, amma ni wlh har da Smile nake ganin laifi, don shekara da shekaru yana barin mutum cikin rudu, yana jin babu kamarsa alhali an dade da wuce shi, ranar da ya fita waje ya gamu da wadanda babu kunya tsakaninsu sai ya fadi warwas, a gasa ma Sakuma da suka taso tare, wanda ba shi da rabin baiwarsa sai naci, ya fitar da shi. Peco ya jefar da raket dinsa a ruwa ya koma shan taba. Kuma Sakuman nan ne dai ya zo ya gaya masa gaskiya mai daci har ya koma tirenin.

Haka muke yi fa. Abokinka zai kawo maka haddarsa ka ji kuskure ka yi shiru, zai nuna maka dinkin da ya yi ka ce kai ya yi kyau alhali wuyan rigar a karkace yake, a jarrabawa ka tura masa amsa kana ganin taimako ne. Kara muke ce masa, amma in ka duba da kyau raini ne, ka riga ka yanke cewa ba zai iya jure gaskiya ba. Ban ce ka tozarta shi a gaban mutane ba, wannan kuma hassada ce da wani suna, ja shi gefe.

Kai kuma da aka ci, kar ka dauki gaba. Wanda ya buga da kai da dukkan karfinsa ya girmama ka ne.

Kocin Smile, tsoho Koizumi, yana saurayi ya ki kai hari bangaren gwiwar abokinsa mai ciwo, ya fadi wasan, daga nan tauraronsa ya dushe. Sai ga shi a wasan karshe Peco ne da ciwon gwiwa, Smile ne a daya bangaren tebur, kuma wannan karon bai raga masa ko kadan ba. Wanda ya ci ba zan fada ba, ku je ku gani da kanku, kowane kashi bai kai rabin awa ba, data kadan zai ci muku.