Dattijon da ya tsufa a Daura, amma doka na kiransa baƙo

A Daura, Mai'aduwa, Zango, Baure, Jibiya da cikin birnin Katsina akwai dattawa maza da mata da aka haifa a ƙetaren iyaka, a ƙasar Maraɗi, Magarya ko Damagaram, waɗanda suka shigo Najeriya da ƙuruciyarsu, wasu don neman karatun allo, wasu don fatauci, wasu kuma farin 1973 ko na 1984 ne ya koro su. A nan suka yi aure, a nan suka aurar da 'ya'yansu, wasunsu ma su ne limaman unguwanninsu. Sai dai a idon doka har yanzu baƙi ne, kuma mafi yawansu ba su taɓa neman zama 'yan ƙasa ba, domin a da babu abin da ya tilasta musu.

Yanzu al'amura sun sauya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan Nijar damar shigowa ba tare da biza ba, ita ce inuwar da waɗannan mutane suke fakewa a ƙarƙashinta, alhali Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. ECOWAS ta ce za a ci gaba da zirga-zirga kamar yadda aka saba har sai an sanar da wani sabon tsari, amma rangwamen da aka ɗaura shi da "har sai" ba abin da mutum mai shekara 70 zai jingina sauran rayuwarsa a kai ba ne. Mun ga yadda aka rufe iyakokin Kongolam da Magama a 2019, aka sake rufe su bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kuma manyanmu ba su manta da korar baƙi ta 1983 ba. A 1980 ma an kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, aka kai shi Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Idan hakan ya faru ga ɗan majalisa, mai sayar da goro a kasuwar Mai'aduwa yana da dalilin neman takarda.

Abin mamaki shi ne, idan aka karanta sashe na 27 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, za a ga kamar don waɗannan dattawa aka rubuta shi. Sashen ya nemi mutum ya kasance baligi mai hankali, mai kyawawan halaye, wanda ya nuna aniyar zama a Najeriya har abada, wanda ya shekara 15 a jere a ƙasar, ko kuma ya tara shekara 15 cikin shekaru 20 sannan ya zauna wata 12 a jere kafin ya nema. Ya kuma nemi gwamnan jihar da mutumin yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, kuma ya saje da al'adunsu. Bahaushen Maraɗi, garin da sarakunan Haɓen Katsina suka kafa bayan jihadi, wanda har yau sarkinsa ke amsa sunan Sarkin Katsina, wace sajewa kuma ta rage masa? Harshe ɗaya, addini ɗaya, zuri'a ɗaya, Turawan Ingila da na Faransa ne kawai suka ja layi a tsakani. Hatta sharaɗin amfanar da ƙasa, wanda wasu ke ɗauka yana cire tsofaffi, kundin cewa ya yi wanda ya riga ya ba da gudummawa ko wanda zai iya bayarwa. Manomin da ya shekara 40 yana ciyar da jama'a da gero da dawa ya cika wannan sharaɗi tun tuni.

Matsalar tana wajen hujja. Ana neman zama ɗan ƙasa ne ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja, ta intanet, a biya kuɗi, a haɗa takardu irin su shaidar haihuwa, fasfo, izinin zama da shaidar biyan haraji, jami'an tsaro su yi bincike, kafin maganar ta kai ga Shugaban Ƙasa. Wannan tsari ya dace da ɗan kasuwar da ya sauka a filin jirgin saman Legas, aka buga masa hatimi a fasfo, yake da akanta da lauya. A 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya miƙa wa baƙi 286 takardar zama 'yan ƙasa, kuma 'yan Lebanon ne suka fi yawa a cikinsu. Ban ga laifinsu ba, sun bi ƙa'ida. Amma dattijon da ya ƙetaro da ƙafa ta Babban Mutum rabin ƙarni da ya wuce, wanda aka haifa a ƙauyen da ba a rubuta haihuwa, wanda harajinsa na kasuwa ne da rasit ɗinsa ya ɓace tun da daɗewa, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu. Ya fi kowa cika sharuɗɗan, ya kuma fi kowa kasa tabbatar da su.

Sakamakon haka kowa ya san shi, ko da ba a faɗa a fili. Ana zagayawa a samo takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta hanyar sanayya, a yi amfani da ita wajen neman fasfo don kujerar aikin hajji. Wannan hanya ƙarya ce, tana kuma jefa tsoho cikin haɗarin da bai san girmansa ba, domin ranar da wani abokin gaba ya tona, ko rigimar gado ko ta siyasa ta taso, takardar ce za ta zama shaida a kansa. Wasu kuma sun ɗauka cewa lambar NIN ta wadatar, alhali ana ba da ita ga baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida kamar yadda ake ba ɗan ƙasa.

Ƙasashen da muke yawan zargi da ƙyamar baƙi sun fahimci cewa tsufa uzuri ne. A Amurka, wanda ya kai shekara 50 kuma ya shekara 20 da izinin zama na dindindin, ko ya kai 55 ya shekara 15, an ɗauke masa jarrabawar Turanci, yana iya amsa tambayoyin sanin ƙasa da harshensa ta bakin tafinta. Wanda ya kai 65 ya shekara 20 kuma an rage masa tambayoyin da zai karanta zuwa 20. A Birtaniya ma an ɗauke wa mai shekara 65 jarrabawar harshe da ta sanin ƙasa. Mu ba mu da irin wannan jarrabawa, tarin takardu ne shingenmu, kuma a nan ya kamata sassaucinmu ya kasance.

Masu adawa za su kawo batun tsaro da na zaɓe, kuma a jihar da 'yan bindiga suka addaba ba a raina wannan magana. Amma wanda ake tsoro shi ne wanda ba a san shi ba. Mutumin da mai unguwa, dagaci, hakimi da limamin Juma'a za su rantse cewa sun san shi shekara 30, a rubuta sunansa, a ɗauki hoton yatsunsa, jami'an tsaro su bincike shi, ya fi zama sananne ga hukuma fiye da yadda yake a yau. Da wannan shaida ta masu sarauta ake ba da takardar ɗan asali a ƙananan hukumominmu, don haka babu dalilin da za a ƙi karɓarta a matsayin hujjar daɗewar zama ga wanda ya haura shekara 60.

Kafin a kai ga haka, akwai ƙofofin da iyalai ba su lura da su ba. Sashe na 26 ya ba macen da take auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, damar yin rajista ba tare da jiran shekara 15 ba, haka ma wanda aka haifa a waje amma ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne, abin da ba ƙaranci yake ba a wannan yanki. Namijin da ya auri 'yar Najeriya ne aka bari a baya, domin ƙudirin da ya nemi gyara wannan bambanci ya faɗi a Majalisar Tarayya a watan Maris na 2022, ko da yake 'ya'yansa 'yan ƙasa ne ta wajen mahaifiyarsu. Sashe na 28 kuma bai tilasta wa mutum ya yar da ƙasar da ya samu ta haihuwa ba, wanda shi ne abin da dattawa da yawa suke tsoro.

Tun da kundin ya ɗora wa gwamna alhakin shaidar karɓuwa, gwamnatin Jihar Katsina tana da hurumin fara aiki ba tare da jiran Abuja ba. Za ta iya haɗa kai da masarautun Katsina da Daura a tantance irin waɗannan dattawa, a buɗe musu teburin taimako a sakatariyar ƙananan hukumomin kan iyaka inda za a cike musu takardu a yi musu bayani da Hausa, sannan 'yan majalisarmu na tarayya su nemi ma'aikatar ta rage musu kuɗi, ta kuma karɓi shaidar hakimai a madadin izinin zaman da ba su taɓa mallaka ba.