Filtir Na Jaka Biyar Da Jar Buta

Makanikena ya daɗe yana yi mini gorin filtir. Duk sa'ad da na kai tsohuwar Corollata bidanji, wato canjin baƙin mai, jaka ɗaya da rabi nake miƙa wa yaronsa ya ruga ya ɗauko duk wanda hannunsa ya fara taɓawa. Shi kuwa ya yi ta girgiza kai, wai da ƙurar hunturun Damagaram da zafin bazara mai wuce digiri 40, baƙin mai yana kwaso garin ƙarfe da dauɗa, kuma filtir ne kaɗai ke tare su kafin su cinye injin. Ni dai in ce masa albashin malamin lakwal bai san wannan karatu ba.

Sai ga saƙo daga gidan surukai: Alhaji na son in kai shi ɗaurin aure Mirriya. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, amma wanda ya ba ka 'yarsa ba a ɗaukarsa a motar da ke tari. Na je garaji na ce yau da kaina zan zaɓo filtir, a koya mini. Ya goge hannu ya zaunar da ni a kan tsohuwar taya, ya yi mini darasi har da zane a ƙasa.

A shagon kayan mota can Zango, mai shago ya jera mini kwali uku. Launi ɗaya, rubutu ɗaya, har lambar nan ta Toyota mai farawa da 90915 kowanne na ɗauke da ita. Na farko jaka ɗaya da rabi, na biyu uku, na uku biyar. Na ce to mene ne bambancinsu? Ko murmushi bai yi ba ya ce, "Malam, wannan ya kai ka gida. Wannan ya kai ka Kano. Wannan ya kai ka ya dawo da kai."

Nan na baje ilimina. Na leƙa ƙananan ramukan da ke kewaye da bakin kowanne, ina neman robar da ke bayansu, wadda ke hana mai zurarewa ƙasa in an kashe mota, don kada injin ya tashi da safe a bushe. Ta mai arha har haske ake hangowa ta gefenta. Na zura yatsa a zaren tsakiya: na farko ya kusa yanka ni, na jaka biyar sumul. Na haska fitilar salula can ƙasa ina neman bawul ɗin da ke buɗe wa mai hanya in takardar da ke tace shi ta toshe. Na auna su a tafin hannu, na kaɗa su a kunne, wani ma na sunsuna shi, ko da yake wannan ba ya cikin darasin. Mutane suka fara taruwa. Mai shago ya ce, "Likita, in ka gama duba shi ka rubuta masa magani." Na ƙirga jaka biyar ina jin kowace takarda a ƙirjina, na haɗa da galan na mai lita 4.

Da na koma garaji maigidan ya tafi jana'iza. Yaron ya ce ai ɗaura filtir ba ya jiran babba, kafin in gama sallar la'asar ya rufe bonet.

Washegari Alhaji ya shiga gaba da farar shadda mai aiki har ƙasa. Kun san zaman suruki da suruki: idona na kan kwalta, bakina "na'am, Baba" da "haka ne, Baba". Mun bar duwatsun Birni a baya, gari ya ƙare, na ɗan taka mota don ya ji yadda injin ke numfashi da sabon filtir. Sai wani ƙauri ya fara shigowa. Na ce a raina wata babbar mota ce ta wuce. Alhaji ya sunkuya ya ƙura wa allon gabana ido, ya nuna da carbi: "Malam, wannan 'yar jar butar da ta kunnu fa? Alwala motar ke so?"

Fitilar mai ce. In ta kama kana tafiya, ba a cewa bari in ƙarasa, don injin da mai ya daina zagayawa cikinsa 'yan mintoci ke raba shi da kamewa. Na gangara gefe na kashe. Na fito na duba baya, ga baƙin layi a kan kwalta tun daga inda ido ya ƙare har ƙarƙashin motata. Lita huɗuna ne kwance a hanyar Mirriya, kowa na iya bin sawu ya same ni. Alhaji ya leƙa, ya tattare rigarsa, ya ce, "Sabo ne ko? Allah ya mayar da alheri." Ni na tare masa kabu-kabu da hannuna, na riƙe masa hula har ya daidaita zama.

Da igiya aka jawo ni gari. Tun kafin a kwance ta na sa yaron ya ciro filtir, na aika a kira mai shago, na ce yau sai an san wanda ya cuci wani. Masu faci, mai shayi, har wani mai tallan goro, duk suka zama shaidu. Makanike ya ce magana ba ta raba gardama, a kawo zarto. Ya danne filtir ɗin ya yanka shi biyu a gaban jama'a, ya zaro cikinsa. Takarda ce mai kauri, ninki a jere a matse, an manne kai da gindi tsaf, ga bawul da ƙarfensa mai tsalle. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce cikin girmamawa, "Malam, tun da nake ban taɓa yanka mai kyan wannan ba."

Sannan ya zura hannu inda filtir ke zama a jikin injin, ya ɓanɓaro baƙin zoben roba. Na tsohon filtir ne, ya manne a wurin, aka ɗaura sabo a kansa. Roba kan roba, da mai ya yi ƙarfi sai ya tsaga tsakaninsu ya fita. Aka waiga neman yaron, aka ce ya je sayo ruwa.

Mai shago bai yi fushi ba, mutumin kirki ne. Ya ce akwai sauran guda ɗaya irinsa, amma jaka shida, kaya sun tashi a Kano. Bayan kuɗin ja da sabon galan, abin da ya rage a aljihuna na mai kai mutum gida ne kawai. Makanike ya shafa wa robarsa mai da yatsa, ya murɗa da hannu har ta taɓa, ya ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye, ya ce da wannan kada in jira kilomita 5,000.

Da dare na tambayi maiɗakina ko Baba ya ce wani abu. Ta ce ya yaba ƙwarai da tuƙina. Akwai wani ɗaurin auren a Matamaye mako mai zuwa, amma ya ce a bar Malam ya huta.