Kada a ɗauki ƙurar asbestos da wasa

Na karanta wani labari kan gargaɗin da ake yi wa masu tsofaffin gidaje a Birtaniya cewa kada su cire asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sawa a kayan gini kamar allon silin, da kansu, kuma a ganina gargaɗin yana kan hanya. Ƙasar ta haramta shi baki ɗaya a 1999, shi ya sa ake zargin akwai shi a duk gidan da aka gina kafin 2000, kuma dokar 2012 ta tanadi cewa aiki mai haɗari, kamar cire wanda aka naɗe bututun ruwan zafi da shi, sai ɗan kwangila mai lasisin HSE, hukumar kula da lafiya da kariya a wurin aiki. Muddin allon asbestos yana zaune lafiya, cutarwarsa kaɗan ce. Ranar da aka sa masa zarto ne ƙurarsa ke shiga huhu, ciwon kuma yawanci ba ya bayyana sai bayan shekaru 20 ko fiye. Abin da ya fi damuna shi ne namu gidajen, domin na sha ganin kafinta a Kano yana ɓalle tsohon silin da zai iya ƙunsar asbestos da guduma ba takunkumi, gashin idonsa ya yi fari fat, yara kuma suna kwasar ɓaraguzan suna wasa.