Tef ɗin takarda a kan ɗana

Da wani tef na takarda aka fara gano abin da ke cikin kan ɗana. Ranar awon mako 6, likitar unguwarmu a nan Ingila ta zagaya masa tef ɗin a kai, ta ɗiga ɗigo a jan littafin da ake ba kowane jariri, ta kwatanta da awon ranar haihuwa, sai ta ce kan yana girma da sauri. Aka tura mu sikanin ta maɗiga, tunda ƙashin wurin bai haɗe ba, daga nan aka yi MRI, wato hoton cikin kai da wani babban inji ke ɗauka.

Likitan ƙwaƙwalwa ya jawo kujera, ya ɗauki biro ya zana mini. Ƙwaƙwalwa tana da mayafi uku, in ji shi, a na tsakiya ne wata jakar ruwa ta taru tun yaron yana ciki. Ba ciwon daji ba ne, ba kuma wani abin da na ci ko na yi ba ne. Yawancin irinta ba sa damun yaro, sa ido kawai ake yi. In ta danne hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ga amai, ga jijjiga, kai na ta kumbura, sai a huda ta da siririyar kyamara, ko a sa bututu ya riƙa kwashe ruwan daga kai zuwa cikin cikin yaron. Sau biyu ya tambaye ni ko na gane. Sau biyu!

Kun san yadda abin yake a gida, ba sai na faɗa ba. Muna da likitoci gwanaye, wasunsu ma a nan suke aiki, kuma na san MRI ba ta kowa ba ce. Amma tef fa? Ɗigo a littafi fa? Ɗan yayata kansa ya yi ta girma muna kallo, har da ni a masu cewa gado ne. Allah ya jiƙansa, bai kai shekara 2 ba. Ban taɓa ganin an auna kansa ba.

Mu dai an ce mu dawo bayan wata 3. Na fito barandar asibitin nan mai tsabta, ba kowa, ba mai cewa sannu. Na kira Mama ina kuka, ta ce, "Kawo shi gida mu gani, 'yar nan." Ba zan kawo shi ba, ita ma ta sani. Amma na daɗe riƙe da wayar, ina sauraren hayaniyar tsakar gidanmu ta bayanta.